Na Yi Gadin Masu Haƙar Gas a Landan

Woolwich ce unguwar da na fara sani a Landan, kuma a nan aka fara cutata. Wani mutum mai suna Alhaji Tanimu, wanda abokin wani abokina ya haɗa mu ta waya tun ina gida, shi ya ce ya kama mini ɗaki. Har hotuna ya turo: gado, tebur, taga mai farin labule. Na biya shi tun kafin in taso. Da na isa gidan ina jan akwati, wata mata Bayarabiya ta buɗe ƙofa, ta dubi hoton da ke wayata, ta ce ai wannan ɗakin ɗanta ne, kuma ba ni ne na farko da ya zo mata da wannan hoton ba. Ta ba ni ruwa na sha a tsaye. Lambar Alhaji Tanimu ba ta sake shiga ba.

Na ja akwatin zuwa kasuwar unguwar na zauna a kan benci. Ban yi kuka ba, ban kuma yi fushi ba. Ina ta kallon wani mai sayar da doya yana jera kayansa, ina cewa a raina ashe har nan doya take zuwa. A haka Baba Isaka ya same ni. Dattijo ne ɗan Ghana, haifaffen zangon Kumasi, ya zo sayen kayan miya. Hular da ke kaina ce ta tsayar da shi.

"Salamu alaikum. Kai Bahaushe ne?"

Na ce, "E, Baba."

"To me kake yi nan da jaka, kamar wanda matanshi ya kore shi?"

Hausarsa ta zango ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Na ba shi labari. Sai ya miƙo mini ledar barkononsa ya ce in riƙe, shi kuma ya kama hannun akwatina. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka, muka sake hawa wani, har Tottenham, inda yake zaune shi kaɗai a wani ƙaramin flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma. Ya nuna mini doguwar kujerar falo ya ce, "Nan ne gado ka har Allah shi buɗa."

Karatu na zo yi, digiri na biyu a kan harkar sufuri da jigilar kaya. Wani attajiri a yankinmu ne ya ɗauki nauyina. Zangon karatu na farko bai ƙare ba kasuwancinsa ya durƙushe, ya daina ɗaukar waya. Ban ga laifinsa ba. Amma makaranta ba ta san wannan ba, dole in nemi aiki. Baba Isaka ya yi shekaru yana gadi, shi ya kai ni na yi kwas ɗin da ake yi, aka ba ni katin aiki, ya kuma gabatar da ni a wani kamfani mai tura masu gadi wurare daban-daban. Ogana a can wani Bature ne mai suna Gary, wanda ya kasa kiran sunana Sunusi ya mai da ni Sunny. Doka ta iyakance awannin da ɗalibi zai yi aiki a mako, ni kuwa ina wuce su, don in ban wuce ba kuɗin makaranta ba zai haɗu ba. Gary ne yake raba aikin, saboda haka ya sani. Bai taɓa yin maganar ba, ni ma ban taɓa yi ba.

Gadi a Landan tsayuwa ce kawai. Na tsaya a bakin kantin takalma, na tsaya a wurin da ake gini, na tsaya a ƙofar wani ɗakin taro. Da farko ƙafa tana ciwo, tunani yana kai da komo. Daga baya mutum yakan koyi yadda zai ajiye jikinsa a bakin ƙofa shi kuwa ba ya ko'ina. Na iya wannan sosai.

Ƙauyenmu yana arewa maso gabashin Najeriya, kuma a kan kwal yake zaune. Ina sakandare aka fara haƙarsa. Murna muka yi a lokacin, don an share mana hanya, samari sun sami aikin lebura. Sannu a hankali rafin da muke wanka ya canza launi, ruwan rijiyoyi ya koma ɗanɗanon tsatsa, baƙar ƙura ta riƙa kwanciya a kan ganyen dawa. Lokacin da na taho, mahaifiyarmu, Inna, ta riga ta fara fama da ciwon ƙoda, yayana Hamisu ne yake jinyarta. Mutanen gari suna cewa ruwan ne. Babu wanda ya zo ya auna, saboda haka ni ma ba zan ce na sani ba.

Wata safiya ina tsaye a kantin takalma waya ta yi ta motsi a aljihuna. Na roƙi abokin aikina ya kula mini da ƙofa, na shiga banɗaki. Yaya Hamisu ne.

"Sunusi, sai haƙuri. Inna ta cika."

Na yi salati. Na tambaye shi yaushe za a yi jana'iza, ya ce bayan azahar. Na ce Allah ya jiƙanta, ya ce amin, sai layin ya yanke. Na wanke fuska na koma bakin ƙofa. Wata mata ta tambaye ni inda takalman yara suke, na nuna mata bene na sama.

Ranar Juma'a na je babban masallacin da ke gefen Regent's Park na yi mata addu'a. Baba Isaka ya tara mutanensa a flat, ya dafa shinkafa da wake irin tasu, aka yi karatu. Wata tsohuwa 'yar zango da ba ta taɓa ganin Inna ba ta riƙe hannuna tana hawaye. Ina kallonta ina jiran nawa ya zo. Bai zo ba. Ji nake kamar an yi wa ƙirjina allurar nan da mai cire haƙori yake yi: na san ana taɓa wurin, amma ba na jin komai.

A wannan halin Gary ya mai da ni wani dogon gini na gilashi a tsakiyar birni. Ofishin wani kamfanin haƙar gas ne. Ya ce aikin ba wuya, sai dai ranar Laraba, ranar da masu zanga-zanga suke zuwa.

Na zaci zan ga samari masu rinannen gashi suna ihu. Sai ga wata bas ta sauke tsofaffi, da kujerunsu na naɗewa da filas-filas na shayi da kwalaye rubuce da hannu. Daga wani ƙauye suke, can arewacin ƙasar, tun asuba suke tasowa. Suka jera kujeru a gefen titi, suka ɗaga kwalayensu, suna ta hira kamar masu jiran likita.

Biyu daga cikinsu na fi sani. Mista Alan, dogon tsoho mai hular ulu, ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, da aka rufe ramin ya koma kiwon tumaki a 'yar gonarsa. Matarsa Doreen, gajeruwa mai saurin magana, ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya. Ita ta fara matsowa kusa da ni da kofin shayi. Na ce mata an hana mu karɓar komai daga hannunsu. Ta dube ni, ta ajiye kofin a bakin tukunyar furen da ke kusa da ƙafata.

Ta ce, "Ai ba ba ka na yi ba, ajiyewa na yi. In ya huce kai ka sani."

Da Gary ya shiga ciki na shanye.

Mista Alan ne ya fahimtar da ni abin da suke faɗa a kai. Ya ce a ƙarƙashin gonakinsu akwai shimfiɗar kwal da ba a taɓa ba, kuma a cikin kwal ɗin akwai gas. Kamfanin yana so ya haƙa rami mai zurfi irin na burtsatse har cikin kwal ɗin, ya zuƙe ruwan da ke danne da gas ɗin, sai gas ya biyo bututu ya fito. Tsoronsu shi ne ruwa. Ina za a kai gurɓataccen ruwan da za a zuƙo? Me zai sami maɓuɓɓugar da tumakinsu suke sha? Idan gas ya ɓace hanya ya shiga rijiyoyi fa? Kamfanin ya ce ba abin da zai faru, ya kawo masana sun yi bayani a ɗakin taron ƙauye. Alan ya ce wataƙila gaskiyarsu ne, amma idan suka yi kuskure su a Landan za su kwana, shi kuma a can.

"Kai daga ina?" ya tambaye ni wata Laraba da ake yayyafi.

Na gaya masa. Ban san dalili ba, na ƙara da cewa mu ma kwal ake haƙa a garinmu. Ya gyara tsayuwa, ya tambayi ruwanmu, na gaya masa yadda ya koma. Ya tambayi iyayena, na ce mahaifina ya daɗe da rasuwa, mahaifiyata kuma kwanan nan. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ruwa yana sauka a kan sanƙonsa, ni kuwa abin da yake raina kawai shi ne tsohon nan mura za ta kama shi.

Da na ba Baba Isaka labarinsu, sai ya kaɗa hannu.

"Kai ba ruwanka. Bature da Bature na faɗa bisa ƙasa su. Kai ka tsaya inda aka ce ka tsaya, ka gama shift ka, ka zo gida."

Haka nake yi. Yaya Hamisu yakan kira lokaci-lokaci ya ce ramin kwal yana matsowa, ana maganar za a tashi garin a mai da shi wani wuri. Nakan ce to, Allah ya zaɓa mafi alheri. Ina jinsa ne kamar yadda ake jin rediyon maƙwabci.

Ranar da abin ya faru ranar taron masu hannun jarin kamfanin ce. An ƙaro masu gadi, su ma mutanen ƙauyen sun zo da yawa fiye da kullum, ga kuma waɗansu matasa 'yan Landan da suka zo taya su. Kowane tsoho yana riƙe da kwalbar ruwan maɓuɓɓugarsu. Nufinsu su miƙa wa shugabannin kamfanin, su gani da idonsu abin da ake magana a kai. Gary ya jera mu a saman matattakalar ƙofa ya ce kada kowa ya wuce.

Da motar shugaban ta tsaya, na baya suka turo na gaba. Aka shigar da shugaban cikin ginin da sauri. Gary ya fizgo ƙofar gilashin, mai nauyin gaske, zai rufe, gefenta ya same ni a baki. Na ji gishirin jini. Alan yana gabana daidai, ya rungume kwalbarsa da hannu biyu, ana matse shi ta baya. Wani sabon mai gadi da ke kusa da ni, ƙato ne kuma a tsorace yake, ya sa hannu biyu ya tura. Na ga Alan ya tafi da baya. Hularsa ta fara faɗuwa, sannan shi. Ƙarar da ƙugunsa ya yi a kan dutsen matattakala ba babba ba ce, amma kowa ya ji, don nan take wurin ya yi tsit.

Doreen ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa, ta cire rigar sanyinta ta naɗe ta sa masa a ƙarƙashin kai, tana yi masa magana a hankali. Ina tsaye a sama jini yana ɗiga a kan rigar aikina. Ban sauka ba. Ba wai na hana kaina ba ne, tunanin saukar ne bai zo mini ba.

Motar asibiti ta ɗauke shi, ƙashin ƙugu ya karye. 'Yan sanda suka zo suna tambaya. Leɓena ya kumbura har magana ba ta fita sosai, sai Gary ya yi magana a madadina: tsohon ne ya buge ni da kwalba, shi ya sa aka ture shi. Kyamarar da ke saman ƙofa kuwa kwalaye sun tare ta. Ɗan sandan ya ce za a neme ni.

A ɗakin da muke canza kaya Gary ya kawo mini ƙanƙara a leda.

Ya ce, "Tsohon nan ya ji maka ciwo, Sunny."

Na ce, "Ƙofa ce."

Ya zauna kusa da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a cikin turmutsutsu mutum ba ya sanin abin da ya same shi, in je gida in huta in tuna da kyau. Ya ce idan aka ce laifin masu gadi ne, kamfaninmu zai rasa wannan kwangila, mutane da yawa za su rasa aiki. Sannan ya ce, "Ka san ina ƙoƙari a kanka wajen awanni. Ba kowa zai yi maka haka ba. Ba na so wani ya zo yana bincike." Ya dafa kafaɗata ya fita.

Aka tuhumi Alan da laifin dukan mai gadi, aka sa ranar shari'a, watanni a gaba. Ni kuwa na ci gaba da tsayuwa a ƙofar nan. Ranar Laraba bas takan zo, Doreen takan sauko ba tare da Alan ba. Lauyansu ya hana ta yi mini magana tunda ni shaida ne. Ba ta yi mini magana ba. Amma takan zo ta ajiye kofin a bakin tukunyar fure ta koma kujerarta. Ban ƙara sha ba. Yakan huce a wurin, in za su tafi ta zo ta zubar a gindin furen ta tafi da kofinta.

Ana gobe shari'a muna cin abinci da Baba Isaka bayan la'asar, ya ce, "Ka faɗi abin da oga ya ce. Tsoho nan ba za su ɗaure shi ba, tara kawai za su ci shi. Kai ko in oga ya yi reporting ɗinka, za su sa ka jirgi. Karatu ya tafi, wahala duka ya tafi banza."

Na ce to.

Ya ci gaba da cin abincinsa. Can ya ajiye cokali.

"Amma fa za su ba ka Alƙur'ani ka riƙe. Wannan kuma ni ba ni ciki."

Kotun ƙarama ce, ta fi kama da ofis. Na isa da wuri, na shiga banɗaki na yi alwala, alhali ban yanke shawarar komai ba. Gary yana zaune a baranda da kwat, ya ɗaga mini babban yatsa. Da aka kira ni na ga Alan. Ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, ga ƙarfen da yake dogarawa a gefensa. Ma'aikaciyar kotu ta tambayi littafin da zan rantse da shi, ta kawo shi a naɗe cikin ƙyalle.

Lauyar gwamnati ta ce in gaya wa kotu abin da ya fasa mini baki.

Na ce, "Ƙofa."

Ta dubi takardunta, ta sake tambaya ta wata hanyar. Na ce ƙofa ce, ogana ne ya jawo ta, ba da gangan ba. Ta tambaya ko na ga wanda ake tuhuma ya ɗaga kwalba. Na ce a'a, ya rungume ta ne a ƙirji da hannu biyu, har ya faɗi bai sake ta ba.

Mutane sun yi ta yaba mini daga baya, suna cewa na yi jarumta. Ni na san ba haka ba ne. Ƙarya tana bukatar mutum ya riƙe ta, ya tuna yadda ya faɗe ta, ya kare ta in an matsa. Ni kuwa a lokacin ba ni da ƙarfin riƙe komai. Abin da ya faru yana nan a ajiye, na ɗauka na miƙa, shi ke nan.

Aka sallami Alan. A baranda Doreen ta kama fuskata da hannu biyu kamar ƙaramin yaro, ta karɓi lambar wayata. Gary ya wuce ta gabana yana danna waya. Saƙon rabon aiki da yake zuwa duk ranar Lahadi bai sake zuwa ba. Na yi makonni ina jiran a ƙwanƙwasa ƙofa a ce jami'an shige da fice ne. Baba Isaka ma duk motsin da aka yi a bene sai ya ɗaga kai. Ba wanda ya zo. Ko Gary ya ji tsoron tona kansa ne, ko tausayi ne, ban sani ba har yau. Na sami aikin wanke tukwane a wani gidan abinci na Turkawa a Tottenham, na gama karatun da ƙyar.

Da bazara ta shigo Doreen ta kira ni. Ana ta hayaniya a bayanta. Ta ce kamfanin ya janye, ya fasa. Za su yi walima ranar Asabar, kuma Alan ya ce in ban zo ba ba zai ci komai ba. Na ce na taya su murna. Na ajiye wayar na ci gaba da goge tukunyar da ke gabana.

Na tafi dai. Na hau doguwar bas tun da safe, wannan ne karo na farko da na fita daga Landan. Ƙauyen ƙarami ne, gidajen jan bulo a jere, tuddai kore shar a bayansu. A ɗakin taro an jera tebura cike da kek da sanwic. Doreen ta ware mini faranti daban, ta ce sai da ta tambayi likitansu ɗan Pakistan abin da zan iya ci. Aka yi jawabai, aka tafa mini, na miƙe na zauna. Wani ya raɗa mini cewa ba zanga-zangar kaɗai ta kori kamfanin ba: council ta yi ta jan ƙafa wajen ba da izini, ramin gwajin da suka haƙa kuma bai nuna gas mai yawa ba. Ya ce kada in faɗa da ƙarfi.

Bayan an ci abinci Alan ya ce a kai mu gona. Doreen ta tuƙa mu a tsohuwar motarsu, ta tsaya a bakin shinge ta ce za ta jira. Muka taka a hankali, yana tura ƙarfensa cikin ciyawa. Babu tumaki. Ya ce ya sayar da su, mai karyayyen ƙugu ba ya bin tunkiya. A filin da ke maƙwabtaka da nasa ya nuna mini ramin gwajin: daɓen siminti mai faɗi, da murfin ƙarfe a tsakiya, ciyawa ta fara fitowa ta gefe.

Ya ce, "To ga shi nan. Mun yi nasara, in ji su."

Muna tsaye wayata ta yi ƙara. Yaya Hamisu ne, kiran bidiyo. Na ɗauka na ce ina wani ƙauye ne tare da wani dattijo, zan kira daga baya. Alan ya tambaya ko wane ne, na ce yayana. Ya ce in ba shi su gaisa. Ya karɓi wayar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙarfe, na tsaya a gefensa ina yi musu tafinta.

Yaya ya ce, "Ka ce masa ina gaisuwa, yaya jiki, yaya iyali."

Alan ya amsa, sannan ya ce in gaya wa Yaya ya ji labarin garinmu, kuma shawararsa ɗaya ce: duk takardar da aka kawo, kada ya sa hannu.

Na faɗa. Yaya ya yi 'yar dariya.

"Ka ce masa na gode. Ai mun sa tun bara. Dagaci ya sa, muka bi. Na gaya maka a lokacin, ka ce Allah ya zaɓa mafi alheri."

Na fassara wa Alan rabin farko. Ya ƙura wa fuskar Yaya ido a wayar. Sai ya ce yana so ya ga garin.

Yaya ya ce ai kuwa yana can, ya zo kwasar ragowar kwanon rufi ne ya kai sabon matsuguni. Ya juya kyamarar.

Tun da na taho ban ga garinmu ba. Na matso da kaina kusa da kafaɗar Alan. Jar ƙasa ce a baje, an bi ta da mota an daidaita. Can baya tulin baƙin kwal kamar tsauni, da wata motar haƙa ruwan ɗorawa tana juyi. Nan da can guntun katanga. Wata akuya tana tsaye a kan tarin bulo.

Alan ya ce, "Wanne ne gidanku?"

Na nemi masallaci in yi kwatance da shi, ban gan shi ba. Na nemi tsamiyar bakin kasuwa, ba ta nan. Na duba dama na duba hagu, babu abu ɗaya da na gane.

Na ce, "Yaya, ina gidanmu yake daga nan?"

Ya ce, "Ai a ciki nake tsaye." Ya sunkuyar da wayar. Na ga ƙafafunsa cikin silifa, a kan ɓaraguzan ƙasa. "Nan ne ɗakin Inna."

Alan ya juyo yana jiran fassara. Na buɗe baki, Turancin bai zo ba. Na nemi Hausar ma ban same ta ba. Sai na sami kaina zaune a kan simintin ramin gas, hannuwana a kan ciyawa. Wani abu ya taso daga cikina yana neman hanya, numfashina ya riƙa fita guntu-guntu. Alan bai sake tambaya ba. Ya saki ƙarfensa, ya dafa kaina don ya iya tsayuwa, ya bar hannunsa a wurin. Wayar tana ɗaya hannun nasa, tana kallon ƙasa, muryar Yaya tana fitowa daga ciki.

"Sunusi? Sunusi, kana ji na kuwa? Ko layin ne?"

Na daɗe kafin in iya miƙa hannu in karɓa.

Na ce, "Ina jin ka, Yaya. Kada ka kashe. Nuna mini sauran."